Kwanonin da Ke Sauraron Sama a Hamada: Me Ya Kai Su Can, Kuma Yaya Ake Ziyartarsu?

Duk mai dish a kan rufin gidansa a Bauchi ko Gombe ya san abin da ke faruwa in hadari ya taso daga gabas a watan Agusta. Tun ruwa bai sauka ba hoto zai fara kakkaryewa, ya daskare, daga nan allo ya ce babu sigina. Sau da yawa mai ɗaura dish ake zagi, alhali ba shi da laifi. Ruwan da ke cikin gajimare ne ya shanye igiyar da ke saukowa daga tauraron ɗan adam mai nisan kusan kilomita 36,000. Haka kuma dattijon da ke sauraron labaran safe a gajeren zango ya san yadda rediyonsa ke ƙarar-ƙarar in ɗan acaɓa ya wuce ta ƙofar gida, ko maƙwabci ya tayar da janareta. Wanda ya riƙe waɗannan abubuwa biyu a ransa ya riga ya kama bakin zaren dalilin da ya sa masana taurari ke kwashe manyan kwanoninsu su kai su inda ba ruwa, ba mutane.

Kwanonin nan su ne na'urorin hangen sama na rediyo. Mutane na yin tafiyar awoyi a mota cikin daji don su gan su, kuma da yawa kan dawo da hotuna kawai ba tare da sun gane abin da suka gani ba. Dalili shi ne, abin da ido ke gani a wurin, wato fararen kwanoni a tsaye cikin fili, ɓangare ne kawai na na'urar. Filin da kansa, da shirunsa, da bushewar iskarsa, duk cikin na'urar suke. Baƙon da ya zo da waya a aljihu kuwa, shi ne babban abin da ma'aikatan wurin ke tsoro.

Me ake ji daga sama?

Kalmar "sauraro" tana ruɗar mutane. Ba sauti ne ke zuwa daga taurari ba, don sauti ba ya ratsa sararin da babu iska. Igiyar rediyo 'yar'uwar haske ce, gudunsu ɗaya, bambancinsu tsawon zango. Masu sauraron rediyo a ƙasar Hausa sun daɗe da sanin wannan ma'auni ko da ba su lura ba: in mai gabatarwa ya ce ana kama su a kan mita 16 ko mita 25, tsawon igiyar yake faɗa. Hasken da ido ke gani zangonsa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Igiyoyin da kwanonin nan ke kamawa kuwa suna farawa daga ƙasa da milimita ɗaya har zuwa mitoci.

A gajeren zangon ma aka fara gano abin. A farkon shekarun 1930 kamfanin Bell na Amurka ya ba wani injiniya, Karl Jansky, aikin binciko abin da ke kawo hayaniya a layin tarhon rediyo da ke tsallake Tekun Atlantika. Ya gina eriya mai juyawa a kan tayoyi, tana kama zangon mita 14.6. Ya ware ƙarar tsawa ta kusa da ta nesa, sai ya rage wani siririn huci da ke ƙaruwa ya ragu sau ɗaya a rana. Da ya auna da kyau, sai ya ga hucin yana dawowa duk awa 23 da minti 56, ba awa 24 ba. Wannan minti huɗun shi ne shaidar: rana tana zagayowa a awa 24, taurari kuwa a awa 23 da minti 56. Hucin daga tsakiyar gungun taurarinmu yake fitowa, farin ratsin nan da ake gani ya keta sama a daren da babu wata in an fita wajen gari. Ya bayyana sakamakon a 1933. A 1937 wani mai sha'awar rediyo, Grote Reber, ya gina kwano mai faɗin mita 9 a bayan gidansu a jihar Illinois, kuma daga nan siffar da muka sani ta samo asali.

Amfanin wannan hanya shi ne tana nuna abin da haske ke ɓoyewa. Iskar haidirojin mai sanyi da ta cika tsakanin taurari ba ta haske, amma tana fitar da igiya a zangon santimita 21, wato megahaz 1420, wadda aka fara kamawa a 1951. Da ita aka zana taswirar gungun taurarinmu. Ƙurar sararin samaniya da ke tare haske ba ta tare ta, kamar yadda hazon hunturu ke rufe dutsen da ke gabanka amma bai hana rediyonka kamawa. Shi ya sa kwanonin ke aiki dare da rana. Baƙon da ya iso da tsakar rana zai same su suna tsakiyar aiki.

Matsalar ita ce raunin siginar. Masana kan ba da misali cewa da za a ajiye wayar hannu a kan wata tana kira, da ta shiga sahun abubuwan da suka fi ƙarfi a samaniya ga waɗannan na'urori. To ina ga wayar da ke nisan mita ɗari daga kwanon?

Shiru, bushewa, da fili

Cikin abubuwan da hamada ke bayarwa, shiru ne kan gaba. Wayar hannu tana magana a wajajen megahaz 900 da 1800 da sama, wayifai a gigahaz 2.4, injin ɗumama abinci na maikirowef a gigahaz 2.45. Fulogin injin fetur kuwa duk tartsatsin da ya yi yana watsa hayaniya a zanguna masu yawa lokaci guda, kuma shi ne abin da dattijon nan ke ji in babur ya wuce. Hukumar sadarwa ta duniya ta keɓe wasu zanguna don binciken sama, misali daga megahaz 1400 zuwa 1427 ba a yarda kowa ya watsa komai ba. Amma keɓewar ba ta isa. Na'urar ƙara ƙarfi da ke bakin kwanon an ƙera ta ne don sigina mai rauni ƙwarai, saboda haka in mai ƙarfi ta shigo, ko da daga zangon maƙwabta ne, sai ta cika ta ta toshe, kamar mai kasa kunne ga raɗa aka busa masa kakaki a gefen kunne. Abin da aka tattara a wannan lokacin sai dai a zubar.

Labarin da ma'aikatan wannan fanni suka fi so shi ne na tashar Parkes a Ostareliya. Shekara da shekaru ana ganin wasu gajerun siginoni masu kama da na can nesa, ana ta rubuce-rubuce a kansu. A 2015 aka gano injin ɗumama abinci ne na ma'aikata: in mai yunwa ya buɗe ƙofar injin kafin ya tsaya da kansa, sai ya saki wata 'yar igiya a daidai zangon da kwanon ke saurare. A Green Bank ta jihar West Virginia, inda aka kafa yankin shirun rediyo tun 1958, motocin dizal kawai ake bari su kusanci babban kwanon, don injin dizal ba shi da fulogi.

Bushewa tana da muhimmanci gwargwadon gajartar zango. Igiyar santimita 21 ba ruwanta da gajimare. Ta santimita biyu da rabi, irin ta dish ɗin gida, ruwan sama na cinye ta. In aka sauko zuwa milimita ɗaya, ko tururin da ke cikin iska mai kama da busasshiya ya isa ya shanye ta, ya kuma karkatar da abin da ya rage. Wannan ne ya kai tashar ALMA kan tudun Chajnantor a hamadar Atacama ta ƙasar Cile, mita 5,000 sama da teku, inda mafi yawan tururin ya rage a ƙasa da ita.

Batun fili shi ne wanda ya fi buƙatar a tsaya a kai, don shi ke bayyana abin da baƙo zai gani. Kaifin ganin kwano ya dogara da lissafi ɗaya: a raba tsawon zango da faɗin kwano. Kwano mai faɗin mita 25 da ke kama santimita 21 ba ya iya bambanta abubuwa biyu da ke kusa da juna fiye da rabin digiri, wato faɗin cikakken wata. Idon mutum ya fi shi kaifi nesa ba kusa ba. Don a samu kaifi irin na madubin hangen taurari sai an gina kwano mai faɗin kilomitoci, abin da ƙarfe ba zai ɗauka ba. Dabarar da aka samo, wadda ta ba Martin Ryle na Ingila kyautar Nobel a 1974, ita ce a warwatsa ƙananan kwanoni da yawa, duk su kalli wuri ɗaya, a haɗa siginoninsu bibbiyu. Igiya daga wani tauraro tana isa kwano ɗaya kafin ɗayan da ɗan taƙi na lokaci, kuma daga wannan bambancin ake gane daga ina ta fito. Kowane haɗin kwano biyu yana ba da ɗan yanki na hoton. Kwano 27 suna ba da haɗi 351. Duniya kuma tana juyawa, saboda haka cikin awoyi kowane haɗi yana kallon abin ta sabuwar kusurwa, ana ta cike gurbi har hoto ya fito. Kaifin da ake samu shi ne na kwano mai faɗin tazarar da ke tsakanin kwanoni biyu mafi nisa da juna.

Wannan aiki ba ya yiwuwa sai da agogo mai tsananin daidaito, da wayoyin gilashi da aka san tsawonsu sarai, da babbar kwamfuta mai haɗa siginoni. Kuskure kaɗan a lokaci, hoton ya watse.

Hanyar zuwa filin San Agustin

Cikin manyan tashoshin hamada, wadda baƙo ya fi samun sauƙin shiga da motarsa ita ce VLA, wani babban jerin kwanoni a jihar Niyu Meziko ta Amurka, wadda aka buɗe a 1980, aka kuma sa mata sunan Jansky a 2012 bayan an sabunta kayan cikinta. Ɗalibi ko ma'aikacin da ya je Amurka karatu ko taro zai iya haɗa ta da tafiyar kwana ɗaya daga birnin Albuquerque. Ana bin babbar hanya mai lamba 25 kudu kusan kilomita 120 zuwa garin Socorro, wato ƙasa da tafiyar Bauchi zuwa Gombe, sai a juya yamma a kan hanya mai lamba 60, a yi wasu kilomita 80 ta cikin ƙaramin garin Magdalena. Duka tafiyar awa biyu ce ko da ɗoriya. Ana tuƙi a hannun dama kamar a gida, amma allunan hanya da mil suke magana, mil ɗaya kilomita 1.6, man fetur kuma da galan mai lita 3.8.

Filin San Agustin, inda tashar take, tsohon gindin tafki ne da ya ƙafe tun zamanin da, shimfiɗaɗɗe, mita 2,124 sama da teku, duwatsu sun kewaye shi suna tare igiyoyin birane. Kwanonin 27 ne ke aiki, da ɗaya na canji da ake yi wa gyara a wani babban rumbu. Kowane faɗinsa mita 25, nauyinsa ya haura tan 200, in ya kalli sama tsaye tsayinsa ya kusa mita 29. An jera su a kan hannaye uku masu siffar harafin Y, mafi tsawonsu kilomita 21, kuma kowane hannu layin dogo ne mai tagwayen layuka. Hannun arewa ma ya tsallake hanya mai lamba 60, saboda haka direba zai ji tayoyinsa sun taka dogo a tsakiyar daji inda babu jirgin ƙasa.

Dogon nan shi ne abin da ya kamata mai shirin tafiya ya fi lura da shi. Kwanonin ba a wuri ɗaya suke zama ba. Kusan duk wata huɗu wata babbar motar dogo takan shiga ƙarƙashin kwano, ta ɗaga shi daga kan ginshiƙansa, ta kai shi wani mazaunin cikin mazaunai 72 da aka gina. Jeri huɗu ne, A da B da C da D, kuma zagayensu na ɗaukar kusan wata 16. A jerin A kwanonin na bazuwa har tazarar kilomita 36, kusan nisan Gombe zuwa Dadin Kowa. A nan kaifin gani ya ninka na kwano ɗaya fiye da sau 1,400, amma baƙo zai ga 'yan kwanoni kaɗan ne kusa, sauran sun zama ɗigo a bakin sama. A jerin D duka 27 suna taruwa cikin kusan kilomita ɗaya, abin da ke ba masana damar ganin manyan gizagizan iska masu dushi-dushi, baƙo kuma ya ga cincirindon da ake nunawa a hotuna. Wanda ya biya kuɗin jirgi da hayar mota bai duba jadawalin jeri a shafin hukumar NRAO mai kula da wurin ba, ya iya tarar da fili kusan fayau. A shafin ne kuma ake ganin ranakun buɗewa da yadda ake sayen tikiti, don suna canzawa.

Kurakuran hanya kusan iri ɗaya ne kullum. Mutum ya bar Socorro da rabin tanki yana zaton zai samu gidan mai duk bayan 'yan kilomitoci, ya manta cewa ƙananan garuruwan hamada kan rufe da wuri. A cika tanki a Socorro, a sayi abinci a can, musamman mai kiyaye abin da yake ci, don a filin babu mai tuwo babu mai shayi. Ruwa lita huɗu ga kowane mutum a yini shi ne ƙa'idar tafiyar hamada, da ƙarin jarka a bayan mota. Mutumin Bauchi zai ce ai ya saba da zafi, kuma gaskiya ne, sai dai garin Bauchi mita 600 ne da 'yan kai sama da teku, Jos ma da ake jin sanyinta ba ta wuce wajen mita 1,200 ba. A mita 2,100 iska ta fi sirantaka kuma a bushe take, gumi na bushewa kafin a ji shi, sai ciwon kai da haki su zo ba sallama. Da hunturu sanyin na sauka ƙasa da sifili, ƙanƙara na iya sauka, iskar filin kuma ba abin da ke tare ta. A Yuli da Agusta tsawa kan taso da yamma, kuma mutum a tsaye a shimfiɗaɗɗen fili kusa da tan 200 na ƙarfe ba wurin tsayawarsa ba ne. In aka ji rugugi a koma mota. Safiya ta fi. Tana kuma kawar da tuƙin magariba, lokacin da barewa da shanun kiwo ke tsallake titi. A kan hanyar ƙafa kuma a bi inda aka shata, don akwai macizai masu dafi a cikin ciyawa.

Taswira a sauke ta cikin waya tun daga gari, saboda sabis yana yankewa a hanya, kuma a bakin tashar za a buƙaci a kashe wayar. Kashe allo ba kashewa ba ne. Waya ko ba a kira tana neman eriya, kuma inda sabis ya yi rauni takan ƙara ƙarfin kiran neman, wato ta fi ɓarna a daidai irin wannan wuri. A sa ta a yanayin jirgin sama, a tabbatar wayifai da bulutut sun mutu, sannan a kashe ta gaba ɗaya in an ce a kashe. Agogon hannu mai haɗuwa da waya, da abin sauraro na kunne mara igiya, da kyamara mai wayifai, duk hukuncinsu ɗaya. Jirgi mara matuƙi na ɗaukar hoto ba a ma maganarsa. Mai sallah ya duba alƙibla kafin ya kashe waya, don daga can tana arewa maso gabas ne, ta fi karkata arewa fiye da yadda ɗan Gombe zai zata.

A ciki akwai ɗakin baƙi da hanyar ƙafa da ke kaiwa gindin ɗaya daga cikin kwanonin. Wurin da ya cancanci a daɗe shi ne nan. Za a ji wani sauti mai maimaituwa kamar kukan tsuntsu. Injin sanyaya na'urorin karɓa ne, wanda ke amfani da iskar hiliyom ya saukar da su zuwa wajen digiri 258 ƙasa da sifili. Dalili shi ne duk abu mai ɗumi yana fitar da igiyar rediyo tasa, har da na'urar kanta, saboda haka sai an kusa daskarar da ita kafin ta yi shirun da za ta ji sama. A ɗaga kai a bi hanyar igiya da ido: ta faɗo cikin babban kwano, ta koma sama zuwa ƙaramin madubin da ƙafafu huɗu ke riƙe da shi, ya maido ta tsakiyar kwanon inda bakunan karɓa suke a zagaye, kowanne da zangonsa, daga gigahaz 1 zuwa 50. In aka yi haƙuri minti goma ko ashirin, akwai yiwuwar a ga duk kwanonin sun juya tare a hankali, kamar sahun masallata. Yawanci suna barin abin da ake bincike ne su leƙa wani tushe da aka san yanayinsa don gyara ma'auni, sannan su dawo.

Karoo da Atacama

A nahiyarmu babbar tashar ita ce MeerKAT a hamadar Karoo ta Afirka ta Kudu, kusan kilomita 90 daga garin Carnarvon: kwano 64, kowane mita 13.5, an ƙaddamar da ita a Yulin 2018, kuma hotonta na tsakiyar gungun taurarinmu ya zagaya duniya. Za ta shiga cikin SKA, babban shirin ƙasa da ƙasa na gina na'urar hangen sama ta rediyo, wanda aka fara gininsa a Disambar 2022, inda kwanonin Karoo za su kai 197. Amma nan ba wurin da mutum zai tuƙa mota ya shiga kai tsaye ba ne. Dokar ƙasar ta 2007 ta kare yankin daga igiyoyin rediyo, kwamfutocin wurin ma a gini na ƙarƙashin ƙasa aka rufe su don kada hayaniyarsu ta kai ga kwanoni, kuma shiga sai da izinin hukumar SARAO mai kula da wurin. Mai son zuwa ya nemi izini tun kafin ya sayi tikiti, ya kuma tuna cewa can hannun hagu ake tuƙi, hanyoyi da yawa na tsakuwa ne masu cin taya, sanyinsu kuma a Yuni da Yuli yake. Shirun nan ba kyauta aka same shi ba: an sayi gonakin makiyayan tumaki, aka mai da yankin gandun daji a 2020, kuma taƙaita sabis ɗin waya ya jawo ƙorafin mazauna. Duk mai yabon aikin ya kamata ya san wannan ɓangaren.

ALMA kuwa, mai kwano 66, baƙi ba sa hawa inda kwanonin suke. A mita 5,000 iskar da huhu ke samu kusan rabin ta bakin teku ce, ma'aikata ma sai an duba lafiyarsu kuma da iskar shaƙa suke aiki. Ziyara, in an buɗe ta, tana tsayawa a sansanin da ke mita 2,900, kuma da motar hukumar ake zuwa daga garin San Pedro de Atacama bayan an yi rajista.

Akwai kuma abin da hamada ba ta iya tarewa. Duwatsu suna kare tasha daga birni, amma ba sa kare ta daga abin da ke wucewa ta samanta. Dubban taurarin intanet irin na Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a farkon 2023, suna ratsa saman kowace tasha. Abin da ake yi yanzu shi ne sulhu: tasha ta sanar da inda take kallo, tauraron ya kauce da igiyarsa in ya zo wucewa.

Daga nan gida

Ƙasashen Afirka takwas ne abokan Afirka ta Kudu a shirin SKA, kuma Najeriya ba ta ciki. Gana tana ciki. Ta mai da tsohon kwanon sadarwa mai mita 32 a Kuntunse na'urar binciken sama a 2017. A nan akwai cibiyar binciken sararin samaniya a Nsukka ƙarƙashin hukumar sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA. Wani zai ce ai muna da fili da bushewa, daga arewacin Bauchi har rairayin Yusufari. Fili kam akwai. Abin da tasha ke ci shi ne wuta da ba ta ɗaukewa, wayar gilashi mai ɗaukar bayanai, tsaro, da doka mai hana kafa eriyar waya a yankin har shekara hamsin, kuma na ƙarshen nan ya fi wuya a inda mutane ke roƙon a kawo musu sabis.

Ainihin aikin dai ana iya gwada shi a tsakar gida ko a filin makaranta, kuma ɗaliban kimiyya na ATBU ko Jami'ar Jihar Gombe ba sa buƙatar biza kafin su fara. Kayan su ne dish na santimita 90, da kansa mai karɓa wato LNB, da 'yar mitar neman sigina mai allura irin ta masu ɗaura dish, da dikoda don ta ba da wutar bolt 13 zuwa 18. A nufi sama inda babu tauraron ɗan adam, a juya maɓallin mitar har allura ta sauka ƙasa. A karkato dish ɗin ya kalli katanga ko ƙasa: allura za ta tashi, don katangar na da ɗumi. Ko tafin hannu aka sa a gaban LNB za ta motsa. Sannan a nemi rana. A nan ake yawan kuskure, saboda dish ɗin gida yana kallon sama da inda fuskarsa ta nuna da kusan digiri 20 ko fiye. Maganin shi ne a manna 'yan gutsattsarin madubi biyu ko uku a cikin kwanon, a juya har haskensu ya taru a kan LNB, sai a cire su nan take, don zafin da ya taru na iya narkar da murfin robar. Kada kuma a kalli ranar da ido. In an saita dish ɗin ɗan gaba kaɗan ta yamma aka bar shi, rana da ke tafiyar digiri ɗaya duk minti huɗu za ta ratsa ta gabansa, allura ta hau ta sauka cikin kusan minti goma. Disamba ko Yuni sun fi dacewa. A Maris da ƙarshen Satumba rana tana bin layi ɗaya da taurarin talabijin, ba za a bambance su ba, kuma wannan ne dalilin da ya sa a waɗannan makonni hoto kan ɗauke na 'yan mintoci da rana tsaka ba hadari ba komai.

Haidirojin ta fi wuya kaɗan, don LNB na talabijin ba ya kama santimita 21. Ana amfani da tsohon babban dish na raga mai mita 1.8 ko fiye. Ramukan ragar ba matsala ba ne muddin sun gaza kashi ɗaya cikin goma na zangon. Bakin karɓa ana yin sa da gwangwani mai faɗin kusan santimita 15, a soka 'yar wayar tagulla mai tsawon santimita 5 ta gefensa. Sai na'urar ƙara ƙarfi mai tacewa a megahaz 1420, da 'yar sandar rediyo ta kwamfuta da ake kira RTL-SDR. Na'urar ƙara ƙarfin dole ta zauna a jikin gwangwanin. In aka sa doguwar waya tsakaninsu, siginar ta mutu a hanya kafin a ƙara mata ƙarfi. Ana tara ma'auni na 'yan mintoci kafin ɗan tudu ya fito a allon. A cikin gari, inbata da ƙwan fitila na zamani da janareta da eriyar waya za su cika allon da ƙaya, saboda haka a cika batirin kwamfuta, a ɗauki kayan a fita ƙauyen da sabis ba ya kaiwa sosai, a ajiye mota nesa a kashe ta, kowa kuma ya kashe wayarsa. Daga wajen digiri 10 arewa da muke, tsakiyar gungun taurarinmu tana hawa har kusan digiri 50 ta kudu, kuma tunda igiyar ba ruwanta da hasken rana ko hazo, a watan Disamba ana iya nufar ta da tsakar rana.